Tukunyar da Ba Ta Yin Ƙanzo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kafin in gai da kowa, ina roƙon jama'a a natsu. Masu goyo su lallashi na bayansu, masu ƙus-ƙus a can baya su dakata, domin akwai sanarwa mai nauyi da ta wajaba in isar. Ina sanar da wannan taro mai albarka, cikin alhini da miƙa wuya, cewa yau wata bakwai cif rabon da a ga ƙanzon kirki a gidana. Bai yi jinya ba, bai yi sallama ba. Tukunya aka sauya, ya ɓace. Ya bar ni, ya bar ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, dukanmu muna zaman makoki. Na ga wasu na dariya. Allah Ya yafe muku, ba ku taɓa cin datun ƙanzon mai ɗakina ba.

To, yanzu sai gaisuwa. Shugabar wannan taro, kuma shugabar ƙungiyar mata masu abincin sayarwa ta garin Anka, Hajiya Sahura, wakilin mai girma hakimi, malamanmu limamai, jami'an lafiya, baƙinmu da suka taso daga Gummi da Bukkuyum tun da sassafe, suka yi haƙuri da hanya, iyayenmu mata na Dareta da Sunke da Tungar Guru, masu tuwo, masu masa, masu shinkafa da wake, masu awara, da kuma 'yan'uwana maza da suka ce neman ilimi ya kawo su, alhali ƙamshin miyar da ke bayan rumfar nan ne ya jawo su: ina yi wa kowa barka da zuwa, ina gode wa kowa.

Sunana Makau, malamin makaranta, shekara ashirin da shida ina riƙe da alli. An ce in yi magana a kan tukwanen zamani marasa kamu, wato masu santsin da abinci ba ya maƙale musu, waɗanda ba sa cutar da mai ci, ba sa cutar da ƙasa: yadda ake zaɓensu, da yadda ake kula da su. Ku duba hikimar wannan ƙungiya. Ga mata ɗari biyu da suka tsufa a gaban murhu, sai aka ɗauko namijin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, aka ba shi lasifika. Na karɓa, domin na yi karatu a kan lamarin, kuma mai karatu ba ya jin kunyar magana a kan abin da bai taɓa yi ba.

Akwai mutum ɗaya a nan da bai so zuwa ba. Ga shi can jikin dalbejiya, Saminu mai tukwane, wanda na koyar a aji huɗu. Babu wanda bai ji abin da ake faɗa a gari ba: wai Malam Makau ya ce tukwanen Saminu jabu ne. Daga jabu magana ta koma guba. Yau mako biyar mata na wuce rumfarsa kamar ba su gan shi ba, wasu ma sun mayar masa da kayan da suka saya. Sunan wannan bawan Allah da abincin iyalinsa suna rataye da maganar da ta fito daga bakina, kuma ba zan sauka daga nan ba sai na ƙarasa ta. Amma a bar ni in fara sauke abin da aka aiko ni.

Magana ta farko: me ya sa za a tara manyan mutane a kan tukunya?

Domin mu, mutanen wannan yanki, ba mu ne za a zaunar a koya wa cewa abin da ido bai gani ba yana iya shiga kwanon yaro. Mun koya a shekarar dubu biyu da goma, kuma mun koya da hawaye. Iyayenmu na Dareta da Sunke da Tungar Guru suna zaune a nan, ba zan tayar musu da abin da suka sha wahalar kwantarwa ba. Abin da kawai zan ce shi ne, tun ranar da aka gane cewa dutsen zinariyar da ake dakawa a tsakar gida yana ɗauke da dalma, kalmar guba ta daina zama kalmar wasa a bakinmu. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba iyayensu ladan haƙuri.

Tukunya ita ce masaukin ƙarshe na abinci kafin ya shiga cikinmu, don haka dole a san halinta. Masu bincike sun auna tukwanen alminiyam da ake zubawa daga tarkacen inji da ragowar gwangwani a ƙasashe da dama, sun tarar wasunsu na sakin dalma a cikin abinci, musamman mai tsami. Ban ce dukansu ba, ban kuma ce masu zubi mugaye ne ba, domin mai zubi bai san tarihin tsohon ƙarfen da aka kawo masa ba. Sai kuma tukwane marasa kamu na farko-farko, masu baƙin fenti a ciki. Suna aiki, ba ƙarya. Amma idan wuta ta yi musu yawa fentin kan lalace ya ba da hayaƙin da ba a son shaƙa, kuma dangin sinadaran da ake haɗa irin wannan fenti da su ba sa ruɓewa. In sun shiga ƙasa suna nan, in sun shiga ruwa suna nan, jikokinmu za su zo su tarar da su. Shi ya sa aka fito da masu shafen tangaran, wanda ba a sa masa waɗancan sinadarai. Abin dariyar, daga sinadarin yashi ake samo shi, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar yashi.

Kada in yi muku daɗin baki: shafen tangaran ba ya dawwama. Ko an lallaɓa shi, bayan 'yan shekaru santsinsa zai ragu. Tukunyar da ta fi kyautata wa ƙasa ita ce wadda ba a jefar da ita da wuri ba. Kuma kada wata ta koma gida ta raina tandarta ta ƙasa. Tandar masa da ta sha mai shekara da shekaru, masa na fita daga cikinta kamar an roƙe ta, ita ce kakar duk wata tukunya mara kamu, kuma ba ta taɓa neman a buga mata hoto a jikin kwali ba.

Magana ta biyu: zaɓe.

Ku karanta kwali. Wadda ba ta karatun boko kada ta ji nauyi, ta sa mai kayan ya karanta mata, sannan ta kai wa wani ya sake karantawa, a ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Abin da ake nema shi ne a rubuta ƙarara cewa babu dalma, babu wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam, babu wasu haruffa huɗu, P, F, A, S, waɗanda su ne sunan sinadaran nan da ba sa ruɓewa. A ga sunan kamfani, a ga inda aka yi ta. Hoton koren ganye a jikin kwali ba shaida ba ne. Ni ma na iya zana ganye, na sha zana wa 'yan aji biyu. Rubutu ma yana iya yin ƙarya, don haka ku sayi kaya wurin wanda kuka san fuskarsa, wanda gobe za ku same shi a inda kuka bar shi.

Sannan ku ɗaga ta. Tukunyar da ba ta da nauyi a gindi ba ta da haƙurin wuta, za ta ƙona tsakiya ta bar gefe ɗanye. Ku shafa cikinta da yatsa: in kun ji ƙuraje ko tsagi, ku ajiye. Ku dubi mariƙinta. Yawancinmu da gawayi muke girki, wasu da itace, kuma mariƙin roba bai san gawayi ba, narkewa zai yi ya bar ku da ƙusoshi biyu da tsumma.

Ga wata gaskiya da masu talla ba za su faɗa muku ba. Wannan tukunya ba ta tuwon biki ba ce. Hajiya Sahura, wadda ke ciyar da rabin tasha kafin azahar, kada ki ɗora ta a kan duwatsu uku ki zuga mata itace, ba don wannan aka yi ta ba. Ta miya ce, ta ƙwai ce, ta suyar awara ce, ta shinkafar gida ce. Tana rage shan mai, tana rage cin gawayi, tana rage wa mai wanke-wanke ciwon baya. A ba ta aikinta, a bar wa manyan tukwane nasu.

Magana ta uku: kulawa. A nan ne na fi ƙwarewa, za ku ji dalili.

Na karanta takardun kamfanoni har guda shida, da Turanci mai tsauri, dukansu suna gargaɗi cewa kada ƙarfe ya taɓa cikin tukunyar, a yi amfani da katako ko wani abu mai laushi. Jama'a, bayan shekaru ana bincike a manyan ɗakunan gwaji, masana sun gano muciya. Sun gano ludayin duma. Sun gano mara. Da sun aiko Anka sun tambaya, da mun rage musu wahala. Don haka cokalin ƙarfe ya tsaya a kwano, wuƙa ta tsaya a faranti.

Wuta kuma a yi ta kaɗan-kaɗan. Kada a ɗora tukunya babu komai a ciki a tafi gaisawa da maƙwabciya. A fara zuba ɗan mai ko ruwa. Idan an sauke, a bar ta ta huce, kada a kwarara mata ruwan randa tana da zafi, domin ƙarfen zai motsa, shafen ya tsattsage. Wanki da ruwan ɗumi, da sabulu, da soso mai laushi. In wani abu ya maƙale, a jiƙa, a je a yi salla a dawo, zai saki da kansa. Wajen ajiya, a shimfiɗa ɗan ƙyalle a ciki kafin a ɗora mata wata tukunyar. Babu soson ƙarfe. Babu toka. Babu yashi.

Na san abin da na faɗa yanzu ya taɓa zukata. Mu mutane ne da aka raina a kan cewa tukunya ba ta wanku ba sai ta yi ƙara. Innata, Allah Ya jiƙanta, in tana wanke-wanke har ƙofar gida ana jin ta, da yashinta da tokarta, tana dirza har sai ta ga fuskarta a gindin tukunya. Mace ta ɗauraye tukunya shiru, da ɗan soso, ta kife, a wurinmu wannan ƙyuya ce. To, wannan tukunya ƙyuyar take so. Mai ƙwazo shi ke kashe ta.

Yanzu na zo kan Saminu.

Wata bakwai da suka wuce, mai ɗakina, Malama Zaliha, ta sayo irin wannan tukunya a rumfarsa. Ga ta can a layi na biyu, ta ɗora hannu a kunci, tana kallona kamar mai duba jarrabawa. Tukunyar ta yi aikinta. Shinkafa na fita tsaf, tuwon shinkafa na fita tsaf, babu abin da ke saura a gindi, babu abin shanyawa, babu abin jiƙawa a haɗa da ƙuli-ƙuli. Na yi ƙorafi. Ta ce, "Malam, shekara ashirin ina kankarar tukunya kana cin ƙanzo. Yanzu ni ka hutawa, kai ka haƙuri."

Sai aka yi haihuwa a gidan ƙanwarta a Gummi, ta tafi suna, kwana uku. Rana ta biyu da hantsi na tsaya a tsakar gida ina kallon tukunyar nan, na ce wa kaina: ƙanzo ba sihiri ba ne, kimiyya ce. Zafi ne da lokaci. Na cika kurfoti da gawayi, na zuba shinkafa, na ɗauki mafici na yi ta fifita har wuta ta yi ja. Don in ba kimiyya lokacinta, na ɗauki littafi na zauna a zaure. Littafin ya yi daɗi. Ƙauri ne ya dawo da ni.

Na samu ƙanzo, ba zan ɓoye ba, amma irin wanda akuya ta shinshina ta juya. Na ɗebo ruwan randa na kwarara, tukunya ta yi kuka. Na ɗauko babban cokalin ƙarfe na kankare. Baƙin bai fita ba. Nan ne tarbiyya ta motsa. Na je bayan gida inda muka tara yashin gini, na haɗa da toka, na durƙusa na dirza kamar yadda na ga Inna na yi, har sai da na ji ƙarar nan da ke kwantar da hankali. Na ɗauraye, na goge, na mayar da ita inda take. Manyan dokokin da na karanta muku ɗazu, na karya su a cikin sa'a guda, bi da bi, ban tsallake ko ɗaya ba.

Malama ta dawo. Washegari ta fasa ƙwai a ciki, ƙwai ya kama kamar an liƙa shi da ƙaro. Ta ce, "Malam, mi yas samu tukunyag ga?"

Na gyara tabarau na ce, "Kayan zamani ke nan. Jabu ce."

Ta dube ni, ta sauke tukunyarta. Da na tsaya a nan, da abin ya tsaya a tsakar gidana. Amma da la'asar na je teburin Musbahu mai shayi, hira ta yi daɗi, na maimaita, har na ƙara da cewa wa ya san abin da ake zubawa a irin wannan fenti. Musbahu ya ce, "Malam, kana nuhin da guba ciki?" Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a ba. Na kurɓi shayina, na yi irin shirun masu ilimi. A wani garin, wannan shiru zai wuce da shayin. A garinmu, inda uwaye suka san abin da guba ta yi, kafin sati ya zagayo magana ta kai ƙauyuka, ta dawo da dalma a cikinta. Kuma ban ga laifin uwar da ta ji ta tsorata ba. Laifin na wanda ya san gaskiya ne ya yi shiru.

Ranar kasuwa na bi ta gaban rumfar Saminu, ina sauri kamar mai uzuri. Ya taso ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba tun yana aji huɗu. Wani maƙwabcinsa ya ce, "Saminu, ga Malam nan, ka tambaye shi mana!" Sai Saminu ya ce, "A'a, wane ni. Malam ya hi ni sani. In ya ce jabu ta, ƙila ni anka cuta ban gane ba." Jama'a, na sha zagi a rayuwata, na sha raini daga 'yan aji shida, amma ban taɓa jin abin da ya yi mini nauyi kamar wannan ladabi ba.

Na koma gida na tarar Malama ta ajiye tukunyar a kan tabarmata, da tsinke a gefe. Ta sa tsinken a gindin mariƙi, inda ƙusa ta kama, ta zaƙulo, ta zuba mini a tafin hannu. Ta ce, "Malam, kai ka karatu. Yashin ga, daga kamfani yaz zo?"

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Tun ranar da nid dawo. Ina jira in ga ko karatu na sa mutum hwaɗin gaskiya." Ta ɗauki tukunyarta, ta kai ƙofar ɗaki, ta juyo ta ce, "Hajiya Sahura na neman mai jawabi. Na ba da sunanka."

To, kun ji yadda aka yi namiji ya samu lasifika.

Ban kai tukunyar Saminu ɗakin gwaji ba, don haka ba zan tsaya nan in rantse a kan abin da ban auna ba. Ku tambaye shi kamar yadda za ku tambayi kowane mai kaya, ku karanta kwalinsa kamar na kowa. Abin da zan rantse a kai shi ne, ranar da na ce jabu ce, ba ni da hujja ko ɗaya sai kunyar matata. Tukunyar ta yi kusan wata shida tana aiki lafiya, har ranar da ta haɗu da ni. Wadda ta ji waccan magana a bakin wata, ina roƙonta ta mayar da wannan gaskiya ta hanyar da waccan ta biyo, gida gida, ƙauye ƙauye, ta kuma faɗi sunana, kada ta sakaya.

Allah Ya albarkaci wannan ƙungiya, Ya albarkaci hannuwan da ke ciyar da mu. Allah Ya tsare abincinmu da ruwanmu da ƙasarmu daga abin da muke gani da wanda ba mu gani. Allah Ya raya mana 'ya'yanmu cikin lafiya, Ya ba yankinmu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da baƙinmu Gummi da Bukkuyum da ƙauyukansu lami lafiya.

Saminu, taso ka matso inda jama'a za su gan ka. Ban fi ka sani ba. Ni na yi kuskure, ka yafe mini.

Na gode.